Sawun Zabo a Hanyar Barmu

Ku samarin yanzu kun ɗauka talla wasa ce. Mutum ya ɗauki hoton hajarsa da waya, ya watsa, ya koma ya kishingiɗa, wai shi ya yi aiki. To ni Nomau a tallar kayan mutane na tsufa a nan Tawa, kuma na fara ta tun masu karatun boko a garin nan ana nuna su da yatsa. Allon sanarwa ba ya yi maka komai a lokacin, don ko ka rubuta ba mai karantawa, masu ba ni aikin kuma ba masu hali ba ne. Kayan aikina baki ne, da ƙafa, da tsintsiya, da ɗan rashin kunya. Aikin kuwa shi ne ka sa wanda ya fito sayen gishiri ya tsinci kansa gaban rumfar da bai yi niyya ba, kuma ya tafi yana ganin shi ya kai kansa.

A hannun kawuna Ɗan Tani na koya. Shi ne mai shela a kasuwar Lahadi, in akuya ta ɓace ko an tsinci jaka shi ake nema. Ni kuma Allah ya ba ni murya, in na yi kira a bakin kasuwar dabbobi har masu tukwane suna ji, sai na ɗauka na gama koyo tun ban fara ba. Aikin farko da ya ba ni na wata dattijuwa ne mai sabulun salo, Inna Haɗiza. Na tsaya kan tallarta tun hantsi ina ihu, ina rantsuwa, ina kirari, har maƙogwarona ya bushe. Mutane suna wucewa, wasu ma toshe kunne suke yi. Kawu yana gefe yana cin goro, ko a jikinsa.

Lahadin da ta biyo sai ya ce in kawo rigar da nake zuwa gona da ita, wadda ta manta launinta na asali. Ya miƙa wa Inna Haɗiza ya ce ta wanke rabi tas, daga wuya zuwa ƙasa, ta bar ɗaya rabin yadda yake. Da ta bushe ya jefo mini.

Ya ce, "Sa ta ka ratsa kasuwa. In ka buɗe bakinga naka kau, ni da kai na."

Na sa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban yi taku ashirin ba mata suka fara dariya, wani mahauci ya bar nama ya biyo ni yana cewa, "Kai, mi ya samu rigakka?" Ni dai sai in nuna masa Inna Haɗiza da yatsa in wuce. Kafin la'asar tana kakkaɓe faifai. Da muka koma gida Kawu ya ce mini kada in ƙara ce wa mutum ya saya, in bari shi ya tambaye ni. Shekara uku na yi a bayansa, amma sana'ar duka a wannan ranar ya ba ni ita.

Da aka samu mulkin kai garin ya fara motsi. Manyan motoci suna shigowa, ma'aikata suna ƙaruwa, kowa yana son ya buɗe wani abu, kuma kowa ya san inda zan kasance. Wani mai shayi a tasha ya kawo mini kuka, bencinsa wayam. Na samo masa mutum uku cikin masu zaman kashe wando, na ce su zauna da kofi a hannu su yi ta gardamar kokowa da ƙarfi. Baƙo ba ya zama inda ba kowa, amma in ya ji ana musu sai ya matso ya sa baki, in ya zauna kuma sai ya sha. Wani tela kuma na sa ya ɗinka wa ɗan kokowar unguwarmu riga kyauta, ya shiga fili da ita ya zagaya sau biyu kafin ya tuɓe. Ba kullum nake dacewa ba. Na taɓa rina jakin maƙwabcinmu da shuni don wani marini, jakin ya yi birgima a toka kafin mu isa kasuwa, mai jakin kuma bai sake amsa gaisuwata ba sai bayan sallar layya. Ladana kuwa ƙwaryar fura ce, ko hula, ko abin da mai kaya ya ga dama.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Ibro mai takalmin taya. Tare muka tashi, ya girme ni da damina ɗaya tak, amma yana yi mini faɗa sai ka ce shi ya haife ni. Rumfarsa tana gabas da kasuwa. Yana sayen tsohuwar tayar babbar mota, ya yanka ta da wuƙar da yake wasawa sau goma a wuni, ya fitar da tafin ƙafa, ya huda da basilla, ya ɗaura maɗauri. Takalmin ba shi da kyan gani, gaskiya, amma ƙaya ba ta huda shi, duwatsun ƙasarmu ta Adar ba sa cin sa. Sai ga takalmin roba ya fara shigowa daga Najeriya, ja da kore da shuɗi, yana ƙyalli. Kowa ya koma can. In rana ta take sai robar ta yi laushi ta gasa maka ƙafa, wata biyu maɗaurin ya tsinke, amma ina, ido ya riga ya gani.

Wata rana na same shi yana ɗaure wuƙaƙensa cikin fata. Ya ce in kaka ta wuce kasuwa ba ta buɗe ba, zai sayar da kayan aikin ya bi ƴan cin rani zuwa bakin teku. Yayyensa biyu sun tafi, ɗaya ya dawo da tari, ɗayan har ranar ba a san inda yake ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in Ibro ya hau motar kudu ba lalle in sake ganinsa ba.

Na ce, "Ba ni wata ukku."

Ya ce, "Ka yi mi da su? Ni ba ni son ihu ƙohwar rumfata, Nomau. Kuma kada ka rina mini komi."

Kwana biyu ina juya abin. Ranar ta uku ina zaune bakin rijiya da safe, sai na ga wata mata ta dubi ƙasa ta ce wa ƴar uwarta ai wance ta riga su ɗiba, ga sawunta. Wani makiyayi kuma ya tsaya ya ce baƙin raƙuma sun kwana a nan, uku ne, ɗaya yana ɗingishi. Nan take dabara ta faɗo mini. Mutanen da ake cewa ba su iya karatu ba, ashe kullum safiya karatu suke yi, allonsu kuwa yana shimfiɗe daga nan har Azawak, kuma ba wanda zai ce ka biya kafin ka rubuta a kai. Na bar gugan da na aro a nan bakin rijiya na ruga rumfar Ibro.

Na ce ya sassaƙa mini wata alama a ƙasan takalmi. Mun yi ta gwadawa. Da farko zanen tayar kansa yana cinye alamar, sai Ibro ya fere wajen dunduniya ya yi sumul, ya sassaƙa da zurfi. Mun gwada tauraro, ya fito kamar tabo. Mun gwada wata, ya yi kama da kofaton jaki. A ƙarshe muka tsaya kan sawun zabo, yatsu uku gaba, ɗan ƙarami ɗaya baya. Na taka a rairayi na ɗaga ƙafa, ga sawun mutum sosai, a cikin dundunniyarsa kuma zabo ya taka. Ibro ya daɗe yana kallo, ya ce ai wannan wauta ce. Amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Kada ku ɗauka sa takalmi ne kawai ka yi ta yawo. Ana idar da sallar asuba nake fita, ba takalmi a ƙafata, yana rataye a wuya. In na kai inda nake so, bakin rijiya ko mashigar gari, sai in share hanya da tsintsiya inda ta yi kaca-kaca, in sa takalmin, in juyo. Ta haka duk sawun gari ɗaya yake fuskanta, ba mai fita, duka shiga suke yi, kuma duka a ƙofar rumfar Ibro suke ƙarewa. Sai ka kauce wa hanyar shanu, in ba haka ba sun tattake maka aiki. Sai ka bi gefen hanya, inda mai tafiya yake kallo amma ba ya takawa. Sai ka danna dunduniya, kuma kada ka yi sauri. Da kaka raɓa tana riƙe sawu har hantsi, da rani kuwa iska tana share shi kafin ka karya kumallo. Yau in shigo ta hanyar Kalfu, gobe ta hanyar Bambeye, jibi ta wajen mahauta.

Kwana huɗu ba abin da ya faru, Ibro yana yi mini kallon na gaya maka. Rana ta biyar gari ya ɗauka. Mata a rijiya suna cewa aljani ne. Wani malami ya ce a daina zancen banza, amma an gan shi ya tsuguna yana aunawa da yatsa. Ni kuwa ina cikin masu tambaya, ina riƙe baki ina cewa, "Oho, ni ma haka nig gani." Na farko da ya kasa haƙuri wani Bafillace ne da sandarsa a kafaɗa. Ya biyo sawun tun daga bayan gari, kansa a sunkuye, bai ɗago ba sai da ya kusa karo da gwiwar Ibro. Ibro bai ce masa uffan ba, yadda na koya masa, sai ya juya takalmi ɗaya ya nuna masa ƙasansa. Bafillacen ya yi dariya har sandar ta faɗi. Da takalmi a ƙafa ya bar wurin.

Daga nan abin ya fi ƙarfina, kuma nan ne daɗin yake. Duk wanda ya saya ya zama ɗan tallata ba tare da ya sani ba, yana tafe yana rubuta mana suna har ƙofar gidansa. Aka daina cewa takalmin taya, sai mai zabo. Samari suna taka ƙafa gaban ƴan mata da gangan. Ibro ya kwance wuƙaƙensa, kaka ta wuce, wata ma ta wuce, bai sake zancen teku ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafe ina jin duk Adar ba mai wayona.

Sai shekarar nan ta zo, wajen ƙarshen shekarun sittin, da ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai. Gero ya tsaya a gona ya bushe a tsaye. Wanda yake tunanin abin da zai sa a tukunya ba ya tunanin ƙafarsa, kasuwar Ibro ta sake kwantawa, na kuma ga ya fara kallon motocin kudu. Na ce a raina mutanen gari sun riga sun saya, saura na arewa, masu dabbobi, waɗanda suke sayar da bisashe suna da abin hannu. Na hau mota na je cin kasuwar Barmu, na kwana a can. Da asuba na je babbar rijiyarsu, na sa sabon mai zabo, na kama hanyar Tawa da ƙafa. Niyyata in ja layi ɗaya tun daga Barmu har rumfar Ibro, a ce ga takalmin da ya yi wannan tafiya. Na yi ta, sai da na kwana a hanya, na iso ƙafafuna sun kumbura, ina ta yabon kaina.

Kwana ɗaya da isowata, ina wajen mai shayi, aka zo aka ce mini jandarmomi, wato ƴan sandan gwamnati, sun tafi da Ibro.

Ga abin da ya faru. Wani manomi a Barmu, sunansa Miko, yana da bijimai biyu, su ne duk abin da ya rage masa, yana shirin sayar da ɗaya ya sayi hatsin da zai kai iyalinsa damina. A daren da na kwana a garin aka kwance su daga turke. Da safe ya ga sawun ɓarawon a gindin turken, da zabo a dunduniya. Ya kife ƙwarya a kan sawun, yadda ake yi don kada iska ko kaji su ɓata shi, ya kira ƙannensa suka bi. Sawun ya kai su rijiya, inda kofatan garke goma suka cakuɗe, bijiman suka ɓace musu. Suna dubawa sai ga zabo ya fito fes a ɗaya gefen, a kan hanyar da aka share, ya miƙe kudu. Suka ce ɓarawon ya miƙa wa abokinsa shanun shi kuma ya koma gida. Suka biyo shi, ba su yi saɓo ko sau ɗaya ba, don na danna dunduniya yadda ya kamata. Har ƙofar rumfar Ibro.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro ya kama ni. In na ce sawuna ne, to ni ne na kwana a Barmu daren sata, wa zai yarda da labarin talla? Na wuni a ɗaki ina zufa. Amma na san ko an saki Ibro don rashin shaida, sunan ɓarawon shanu ya manne masa, a shekarar yunwa kuwa wannan suna ba ya wankuwa. Ba mai sake zama a rumfarsa, ba abin da zai rage masa sai motar kudu. Washegari na je na faɗa wa babban jandarman komai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wato na yi tafiyar kwana biyu da ƙafa don a ga sawuna? Na ce e. Ya ce bai taɓa jin ƙarya maras daɗi irin wannan ba.

Miko yana zaune a wurin, dogo ne, idanunsa sun faɗa. Shi ya ce, "Na kihe ƙwarya bisa sawun. A kira wanda ya iya."

Wanda ya iya kuwa kowa ya san shi, wani tsohon Buzu ne mai suna Agali, yana zama a kasuwar raƙuma, an ce yana gane matar da ke da ciki daga takunta. Ya hau raƙuminsa ya je Barmu, ya buɗe ƙwaryar, ya zagaya rijiyar, ya dawo ranar Asabar. Bai faɗi abin da ya gani ba. Ya ce shi dai a share masa fili gobe, a kawo masa masu irin takalmin su taka.

Ranar na saki muryar da Kawu ya hana ni. Na hau kan buhunan gishiri na ce duk mai zabo a ƙafa ya zo bakin kasuwar dabbobi, Ibro yana neman ƙafarsa yau. Jama'a, ban san mun sayar da yawa haka ba! Manoma, mahauta, masu jakai, wani direba, har malamin nan da ya ce zancen banza ne. Na share fili da hannuna, aka jera, kowa ya ratsa ɗaya bayan ɗaya, sauran kasuwa ta watse ta zo kallo. Agali yana tsugune, amawali ya rufe masa baki, yana bin kowane sawu da ɗan tsinke. Aka kawo Ibro ya taka. Tsohon ko tsinken bai ɗaga ba.

Ya ce, "Wanga mutum zaune shika wuni. Bai yi tahiyar yini guda ba bana."

Na taka. Ya dubi sawun, ya dube ni.

"Kai na kab bi hanyar Tawa. Kana danna dunduniya kamar mai jin haushin ƙasa. Amma ba kai na ga turke ba." Ya juya wajen jandarman. "Na turke gajere na, ƙahwatai ta hagu tana kallon waje. Ba shi cikin waɗanga. Ga rijiya ya yi arewa da shanun, na ga wurin. Yaran sun bi takalmi, ba su bi mutum ba."

Kasuwa ta ɗauki sowa. Aka saki Ibro nan take, mutane suna ta riƙe masa hannu. Ni kuwa daɗi ya cika ni har ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sai Agali ya ce in ciro takalmina. Ya juya shi, ya sa farce cikin yatsun zabon, ya ce da wannan na taso daga Barmu, ta cikin duwatsun nan? Na ce da shi. Ya ce ko gezau bai yi ba, a yanka masa guda.

Kun san abin da wannan maganar take a kunnen ɗan talla? Mutumin da duk arewa ta yarda da idonsa, gaban kasuwar Lahadi cike, ya yabi hajarka ba ka roƙe shi ba. Na riga na sa ƙafa ɗaya kan buhu, na ja numfashi, sai na ji an damƙe mini riga ta baya. Ibro ne.

Ya ce, "Sauka."

Na ce, "Ibro, ka ji abin da yac ce kuwa? Yau ta ranarmu!"

Ya ce, "Dubi can."

Miko ne tsaye shi kaɗai a bakin filin, ƙannensa sun zauna a ƙasa. Kowa yana murna, shi yana kallon arewa. Sai a lokacin lissafin ya zo mini. Da ba don layin da na ja ba, da sun zagaya rijiyar sun ga inda shanun suka fita, ɓarawon yana gabansu da rabin wuni kawai. Ni na ɗauke su na kawo su kudu, na ba shi kwanaki. Kunya ta rufe ni irin wadda ban ji ba ko ranar rigar Inna Haɗiza. Na sauke ƙafata.

Mutane sun riga sun yi dafifi gaban rumfar, kowa yana miƙo ƙafa, irin cinikin da muka shekara muna roƙon Allah. Ibro ya ratsa su, ya tattara wuƙaƙe, ya ja zana ya rufe rumfar ya ɗaure. Na ce ya haukace ne? In ya rufe yau, zafin ya huce, mutanen nan ba za su dawo ba, kuma shi ya san abin da ke jiransa in ba su dawo ba.

Ya ce, "Na sani. Ɗauko gorar ruwa. Ƙahwakka ta ɓata mishi kwana, ƙahwakka za ta biya."

Muka bi Miko, mu biyu da ƙannensa, Agali ya raka mu har inda sawun ya fita daga rijiya ya nuna mana. Ibro da bai saba tafiya ba, rana ta biyu ƙafarsa ta yi ruwa. Muna tafe muna tambaya a rugage da mashaya, ni ne bakin tafiyar, kuma a nan na ga amfanin surutuna, don ba zangon da muka sauka ban sa an ba mu labari ba. A wata kasuwa can arewa muka samu bijimi ɗaya a hannun wani dillali da ya saye shi bai sani ba. Miko ya nuna shaidar da ke cinyarsa, bijimin ma da ya ji muryarsa ya juyo. Dattawan wurin suka zauna, aka ba shi abinsa. Ɗayan an riga an yanka, gajeren mutumin kuwa ba mu taɓa ganinsa ba. Miko bai gode mini ba, ban kuma ga laifinsa ba. Da za mu rabu dai ya ba Ibro hannu, ya daɗe bai saki ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Muna hanyar dawowa, Lahadi ta riga ta wuce mu, na tabbata an manta da mu. Ibro ma ya tambaye ni ko na san wanda zai sayi wuƙaƙe da daraja. Muka shigo gari da hantsi, muka karyo kwanar rumfar, sai ya tsaya cak.

Zanar da ya rufe ƙofa da ita ta cika da karan dawa, an soke su ta ko'ina, dogaye da gajeru, sai ka ce bushiya. Mutumin ƙauye in yana son takalmi bai samu mai yi ba, kara yake karyawa daidai tsawon ƙafarsa ya bari. Wani ya ɗaura jan zare a nasa don ya gane shi, wani tsumma, wani ya yi tsaga biyu da wuƙa. Mai goron da ke kusa ya ce tun ranar da muka tafi ake zuwa, har daga Barmu, wai suna son takalmin mutumin da ya rufe rumfa ya bi shanun wani.

Ibro ya zare kara ɗaya, ya auna shi da tafin hannunsa, ya daɗe bai juyo ba. Ni kuma na tsaya a bayansa ina kallo. Can ya kwance zanar a hankali don kada karan su zube, ya zauna a kan kujerarsa, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura.

Ya ce, "Mi kaka kallo? Tahi tasha ka samo mini taya. Manya, biyu."